Ƙullin Bahago

Baraka, ke ce kika kawo mini matar komi, magatakardan bariki, ranar Laraba, ke ce kuma kika fi kowa jin kunya da na miƙe na shige ɗaki na bar ta zaune da akwatinta a buɗe. Na ji abin da kika gaya wa yayyenki a bayan danga, wai tsufa ya sa ni ƙyamar baƙi, wai don matar ba Musulma ba ce. Idona ne ya rage, kunnena yana nan garau. To ku zauna ku saurara tun ina da sauran numfashi, kada in mutu ku riƙa ba jikokina labarin wata tsohuwa mai baƙin hali wadda ni ban san ta ba.

Matar nan ba ta yi mini laifin komai ba. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ta ce sallarsu ta Kirsimeti ta matso, kuma a ƙasarsu can bakin teku ana yi wa takarda ado da hannu a aika wa dangi na nesa. An gaya mata duk Dakoro ba wanda ya san tsofaffin zane kamata, shi ya sa ta zo in nuna mata. Ta buɗe akwati ta baje sababbin kayan da aka sayo mata daga Maradi: takardu masu kauri, ɗan almakashi, da 'yan kwalabe na launi iri-iri. Wallahi har na miƙa hannu, don mai sana'a ba ya ganin kayan aiki ransa bai biya ba. Sai idona ya faɗa kan kwalbar algashi, kore shar, na janye hannuna. Shekara wajen sittin ke nan rabona da launin nan.

A lokacin da nake ba ku labari babu bariki, babu mulkin Nasara, garin ma babu shi. Rijiya ce da 'yan gidaje, sai kasuwar da ke ci in Buzaye da Fulani sun sauko da dabbobi. Gidanmu gidan dukawa ne. Babana yana ɗinka jakunkuna da kube da kayan raƙumi, shi ne kuma yake jan mu salla don ya taɓa karatu. Danginmu kuwa yaƙi da fari sun watsa su: wasu suna kwarin Maradi inda muka fito, wasu sun bi ayari, wasu aure ya kai su nesa. Ba mai iya karanta wasiƙa a cikinsu, shi ya sa kakanninmu suka fito da abin da muke kira fatar gaisuwa. Duk wanda aka haifa a gidan, ko aure ya haɗa shi da mu, ana yi masa zanensa shi kaɗai. In watan Layya ya matso sai mata su ɗauko fatar ragon bara da aka jeme, a yayyanka ta kamar faɗin tafin hannu, a yi wa kowane na nesa zanensa da jan karan dafi da baƙin kuloko da rawayar gangamau. A huda gefe a zura igiyar fata mai tsawon kamu guda, a ba matafiya. In ta isa, mai ita ya ƙulla igiyar ya maido, ma'ana ina raye, na gaishe ku. In ya rasu, mutanen wurin su yanke igiyar su maido. Kowa da irin ƙullinsa. Gwaggo Tsahara, ƙanwar babana, ita ke zura igiyoyin, kuma tana shafa ƙulli da yatsa ta faɗi mai shi, don da ma idonta ya kusa tafiya.

Doka guda ce a kan abin. Fatar da ta dawo da yankakkiyar igiya ana binne ta bayan rumbu, kuma ba a ƙara yin wannan zanen har abada, ko a ƙasa da tsinke. Ni tun ina yarinya bakina ba ya shiru, na tambayi Gwaggo dalili.

"Ke dai kin cika tambaya," in ji ta. "In kin aika gaisuwa ai amsa kike jira, ko? To wa kike so shi amsa miki?"

Kun san na yi aure kafin babanku, amma ba ku san komai game da mutumin ba, don ban taɓa ba ku fuska ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, yadda mace ba ta kiran sunan mijinta na fari. Bahago kowa ke ce masa, don da hagu yake komai. Ɗan ayari ne, yana bin raƙuman wani Buzu, Agali, aminin babana, su kai gero Abzin su dawo da gishiri da dabino. Shekara biyu muka yi da aure, amma in aka haɗa kwanakin da ya yi a gida ba su kai wata shida ba. Mutum ne mai shiru. In ya zauna, hannunsa na kan igiya, yana gyara dabaibayi ko akala. Ƙullinsa yana kwanciya a baibai, ya kuma maida jelar igiyar ciki ya ɓoye ta, ba wanda ya iya irinsa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ina ganin girmansa, ina kuma tausayinsa don ba shi da kowa sai mu, amma in na ce na so shi na yi ƙarya. Ni na yi masa zanensa da hannuna: sawun raƙumi biyu, da layi a tsakaninsu ya karkata hagu.

A shekara ta uku Agali ya dawo da fatarsa, igiyar a yanke. Ya ce a wata rijiya, tafiyar kwana biyar arewa da mu, zazzaɓi ya kama Bahago, raƙumi kuma ya ɓace, ya tashi da zazzaɓin ya bi sawunsa. Sai bayan kwana uku suka tsinci gawa kusa da rijiyar, ungulaye sun riga su. Da takalmi da layar wuyansa suka shaida shi. Suka yi masa salla suka rufe shi da duwatsu a gindin wata aduwa. Na yi takaba, aka binne fatar bayan rumbu. Bayan shekara babanku ya fito neman aurena, kuma ba wanda ya matsa mini, ni na ce ina so. Kun san shi da furfura da tari, ba ku san shi lokacin da yake fitowa daga haƙar rijiya jikinsa duk laka yana dariya har ana jin sa daga kasuwa ba. Na so shi so mai tsanani, ban ɓoye ba a lokacin, ba zan ɓoye yanzu ba.

Wata biyu da tarewata Layya ta matso, a tsakiyar bazara. Ranar kasuwa wani falke ya baje kayan da ya ce daga bayan hamada suka fito. Ni allura na je nema da basilla, don tawa ta dakushe. Sai na ga yana nuna wa mutane wani gari a ƙullin tsumma. Ya ɗiba a kan tsinke ya jefa a ƙoƙon ruwa, ruwan ya koma kore kamar sabuwar ciyawa. Mu da muka tashi da launi uku, abin ya tafi da hankalina. Ya ce sunansa algashi. Kusa da shi ga takarda fara sol, in ka ɗaga ta a rana sai ka ga hoton jinjirin wata guda uku a cikinta. Na koma gida da gudu na ɗauko matashin fata da na yi wata guda ina yi wa ado, na ba shi, ya ba ni ƙullin algashi da takarda biyu da allurar. Na dawo ina rawar jiki kamar wadda aka yi wa kyautar saniya.

Babana ya duba ya taɓe baki.

"Launin da kakanninmu ba su sani ba, mi za ki yi da shi?"

"Ado, Baba. Bana sai an san hwatar gidanmu har Agadas."

"A gwada a wani abu tukun. Kar ki ɓata muna hwatar layya."

Maganarsa na bi, ita ce kuma ta kai ni. Na yanki guntun takarda daidai faɗin fatar gaisuwa, na jiƙa algashi, na fiƙe alƙalamin kara. Hantsi ne, muna zaune a rumfa, mata suna hira, ana ba da labarin wata akuya da ta cinye zanen amarya. Ina dariya, hannuna yana tafiya a kan takarda, ina kallon yadda launin ke shiga ne kawai, ban kula da abin da nake zanawa ba. Da na sunkuya sai ga sawun raƙumi biyu da layi ya karkata hagu. Na kife takardar na tura ta ƙarƙashin tabarma, na ce a raina in an watse zan ƙona ta. Na kuma lallashi kaina cewa ai takarda ba fata ba ce, algashi kuma ba ya cikin launukan da aka hana. Sai aka kira ni in sauke tukunya. Da na dawo an naɗe tabarmar, na duba ban ga komai ba, na ce iska ta ɗauke. Ashe Gwaggo ce ta shafo ta, ta ji faɗinta daidai da sauran, ta ɗauka sabon salon da nake ta kuri da shi ne. Ta huda ta, ta zura mata igiya, ta sa a jakar arewa. Washegari Agali ya tashi da ayarinsa.

Damina ta zo ta wuce, gero ya yi kyau, na sami cikin yayanku babba. Fatu suka fara dawowa daga kudu, duk a ƙulle, muna ta hamdala. Bayan girbi Agali ya sauka. Ya saba shigowa da surutu yana neman fura, amma ranar a ƙofar gida ya tsaya, ya ƙi zama. Ya miƙa wa babana fatu huɗu, sannan ya zaro wani abu daga cikin rawaninsa ya ajiye a ƙasa, bai ba kowa a hannu ba. Takardata ce. Rana ta cinye farinta, amma algashin yana nan kamar jiya aka shafa. A ƙarshen igiyar ga ƙulli.

Gwaggo ta laluba ta ɗauka ta shafa. Na ga yatsanta ya tsaya cak. Ta sake shafawa, sai ta saki takardar tana salati.

"Wanga ƙullin Bahago ne. Ga jelar nan a ɓoye."

Babana ya dubi Agali. "A ina ka gamu da shi?"

"Ban gamu da kowa ba, Malam. Da na buɗe jaka na ga zanenai, na ɗauka ɗiyarka ce ke so a kai mishi bisa kabari. Da munka kai rijiyar sai na rataye ta ga aduwa, igiyar a sake, na rantse da Allah. Rijiyar ta ƙahe tun bara, ba mai zama wurin. Da munka biyo ta wajen dawowa, haka na ishe ta. Na so in bar ta can, amma amana ce."

Duk gidan aka juyo ana kallona. Na faɗi gaskiyar yadda aka yi, ban rage komai ba. Babana bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Sai ya sa aka kira babanku daga gona.

"Habu, cikin nan naka ne, wannan ba magana. Amma in mutumin nan yana da rai, to matatai ce har yau, auren da na ɗaura muku bai ɗauru ba. Daga yau ta dawo ɗakin gwaggonta har a san gaskiya."

Babanku ya juya ya fita, ya bar fartanyarsa a wurin.

Kwana ashirin na yi a ɗakin Gwaggo. Magana ta zagaye rijiya. In na je ɗebo ruwa sai mata su yi shiru, in na juya su ci gaba. Daga nan ne aka samo maganar da na san ta kai kunnenku tun kuna yara, wai uwarku ta yi aure kan aure. Babana yana cewa a jira ayari mai zuwa a bincika, wato wata shida ke nan ko fiye. Ni kuwa ba mai jira ba ce. Na same shi na ce ni na aika gaisuwar, ni zan je in ga wanda ya amsa. Ya ce mace mai ciki wata biyar ba ta tafiyar kwana biyar. Na ce in bai bar ni ba zan tafi da ƙafa. Ya san ni. Aka shirya raƙuma, Agali ya yi mana jagora, Gwaggo ta bi ni don kada a ce na keɓe da Habu, shi kuma yana tafe can baya kamar baƙo.

Ba zan ba ku labarin hanya ba, wahala ce kawai. A rana ta biyar, da rana ta take, muka kai. Wuri ne mai duwatsu, ba ciyawa, ba tsuntsu, ko ƙuda babu. Raƙuman suka ƙi matsawa, sai a gindin tudu muka durƙusar da su, Gwaggo ta zauna wurinsu. Aduwar tana tsaye ita kaɗai, rabinta a bushe. Agali ya nuna mana tarin duwatsun. Suna nan yadda aka jera su, ba wanda ya taɓa, yashi ya cike tsakaninsu. Babanku ya zagaya kabarin sau biyu yana dubawa, ya durƙusa ya yi addu'a. Suka leƙa rijiyar suka jefa dutse, muka ji ya faɗa kan busasshiyar ƙasa. Suka duba ko'ina, ba toka, ba kashin dabba, ba alamar mutum ya kwana. Na ga fuskar babanku ta fara sakewa.

"Kin gani? Ga kabari nan. Wani matahiyi ne ya ƙulla don wasa."

"Da hagu?" in ji Agali a hankali.

Sai wani raƙumi ya tsinke ya miƙe, Gwaggo ta ƙwala kira, su biyun suka gangara da gudu. Aka bar ni ni kaɗai a gindin aduwa, takardar tana hannuna, wuƙar dukancina tana ɗaure a gefen zane kamar kullum. A nan ne na ɗaga kai na dubi rassan. Kun san matafiya sukan bar tsumma ko guntun igiya a itace irin wannan. Akwai su da yawa a jikinta, tsofaffi da sababbi, na kaba da na fata da na gashin raƙumi. Na kama na kusa da ni. A ƙulle yake a baibai, jelar a ɓoye. Na kama na biyu, haka. Na uku, haka. Duk abin da ke rataye a itacen nan hannu guda ne ya ƙulla shi.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa gaya wa kowa ba, har babanku ya koma ga Allah bai ji shi ba. Da na juya, akwai mutum zaune a bakin rijiyar, inda muka tsaya ɗazu ba kowa. Ya ba ni baya. Rigarsa ta koɗe ta zama launin ƙasa, kansa ba rawani, gashin ya yi tsawo ya dunƙule. Ya sunkuya yana aiki a kan cinyarsa, gwiwar hannunsa ta hagu tana motsi, tana shiga tana fita. Na san wannan motsin, na yi wata shida ina kallonsa daga ƙofar ɗaki. Tsakanina da shi bai fi taku talatin ba. Na duba ko yana da inuwa, ban gani ba, amma tsakar rana ce, ni ma tawa tana ƙarƙashin ƙafata. Na duba ko akwai sawu, wurin dutse ne. Ba ya tari, ba ya ɗaga kai, aikinsa kawai yake yi.

Abu guda ya rage, in kira shi. Sunan ya zo mini har bakin harshe, sunan da ban taɓa furtawa ba. Na san in na kira zai juyo. In matacce ne, zan ga abin da ungulaye suka bari. In mai rai ne, wanda zazzaɓi da ƙishirwa suka tafi da hankalinsa aka binne wani a madadinsa, to mijina ne, dole in ɗauke shi in kai shi gida in yi jinyarsa, babanku kuma ya zama wani mutum da nake gaisarwa a hanya. Ina tsaye ina jin muryar babanku daga gindin tudu yana lallashin raƙumi, yana yi masa dariya. Ɗan cikina ya motsa. Ku ji da kyau, don ba na son a gyara mini wannan wurin: ba tsoron fatalwa ne ya rufe mini baki ba. Na fi tsoron ya kasance da rai.

Na zaro wuƙa na yanke ƙullin daga igiyar. Da ya faɗi ƙasa, gwiwar hannun nan ta tsaya. Bai juyo ba. Na sauke salkar ruwan da ke kafaɗata na jingine ta a gindin aduwa, na bi gangara ban waiwaya ba. Babanku ya tambaye ni ina salka, na ce na bar ta sadaka. Ya ce na kyauta.

A gida babanku da Agali suka dafa Alƙur'ani suka ce sun ga kabari ba a taɓa shi ba, ba su kuma ga mai rai ba. Gaskiya suka faɗa. Babana ya juyo gare ni, na miƙa masa takardar da igiyarta a yanke. Ya dube ta, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Shi baduku ne, ya san yankan wuƙar gidansa. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce komai ba. Ya ce in koma ɗakina. Saboda haka ku kwantar da hankalinku: da shaidu biyu aka tabbatar da auren da aka haife ku a cikinsa, ba mai abin faɗa a kanku. Abin da na gani kayana ne, ni zan ɗauke shi zuwa gaban Allah. Na zuba sauran algashin a rami, ban ƙara riƙe alƙalamin zane ba. Da Gwaggo ta rasu ba wadda ta karɓa, fatar gaisuwa ta mutu a gidanmu, dangin kudu suka ɓace mana ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma a wuyana yake.

Takardar kuwa ban binne ta ba. Na je bayan rumbu da ita har sau uku na dawo, don ba a binne ta mai rai, ni kuma ban sani ba. Na sa ta a ƙasan adudun tufafina. Da Layya ta zagayo na buɗe ina neman zanen salla, sai na tarar da ƙulli a ƙarshen igiyar, a baibai, jelar a ɓoye. Na yanke. Aka yi shekara huɗu ba komai, har na fara mantawa, sai ga shi kuma. Haka muke da shi tun daga lokacin, wani zubin a jere, wani zubin sai an daɗe. Kada ku ce ban yi tunani ba. Na sha kama kaina ina ɗaure akuya, in duba in ga ƙullinsa ne na yi, ni da ban taɓa koya ba. Mai yiwuwa hannuna ne yake yi ban sani ba, yadda ya yi zanen ina dariya. In haka ne ma ban ga inda abin ya yi sauƙi ba.

Igiyar da take kamu guda yanzu ba ta kai ɗan yatsa ba. Bara da na buɗe, ƙullin ya matse har jikin takardar, ba inda zan sa wuƙa. Na bar shi.

Baraka, gobe ki je ki ba matar nan haƙuri. Ki ce ta zo da takardunta, zan faɗa mata yadda ake zanen dagi da na ƙafar kaza ta yi da hannunta, ta aika wa mutanenta, abu ne mai kyau. Ki ce dai ta bar kwalbar kore a gida, ta kuma tabbata duk wanda za ta aika wa tana son jin amsarsa.

Ku kuma, in na mutu, ku ɗauko takardar a adudu ku binne ta bayan rumbu, don yanzu kam ko mai rai na bari a wurin nan ya daɗe da tafiya. In kun yanka ragon layya, ku fitar da kaso guda sadaka dominsa, ku sa shi a addu'a tare da babanku. Bai bar ɗa ba, bai bar ɗan'uwa ba, ba mai ambatonsa a duniya. Ba a yi wa mutum addu'a da laƙabi, don haka sai na faɗa muku abin da na hana shi a bakin rijiya.

Sunansa Iliyasu.